Yadda Ake Haɗa Takin Gargajiya da Gyara Ƙasar Lambu a Sakkwato

Ƙasar tudu a yawancin yankin Sakkwato rairayi ce. Ka ba ta ruwa da safe, kafin azahar ta shanye, sama ya bushe ƙurmus. Damina wata huɗu ce kacal, daga Yuni zuwa Satumba, a bazara kuma zafi kan haura maki 40, don haka duk ganye ko karan da ya faɗi ƙasa, kafin ya ruɓe ya amfane ta rana da gara sun gama da shi. NPK da yuriya, wato takin zamani, suna ciyar da shuka, ba na musun wannan, amma ba sa koya wa rairayi riƙe ruwa, kuma ban ruwa kan gangarar da wani ɓangarensu ƙasa inda saiwa ba ta kai ba. A fadamun Kwalkwalawa da Wurno da Goronyo matsalar daban ce: laka ce mai danƙo, idan ta bushe ta tsattsage ta yi tauri. Ruɓaɓɓen taki yana gyara duka biyun. Rairayi ya samu abin riƙe laima, laka kuma ta sassauta iska ta shiga.

Abin da ya kamata ka sani na ilimin abin bai da yawa. Shuka tana cin abubuwa uku fiye da sauran: naitirojin mai sa ganye ya yi kore shar, fosfaras mai ƙarfafa saiwa da fure, da fotasiyam mai taimakon 'ya'ya da jure ƙishi. Kashin dabbobi da ɗanyen ganye su ke ba da na farko, ƙashi ke ba da na biyu, toka ke ba da na uku. Masu ruɓar da kayan kuwa ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kuma suna buƙatar abinci da iska da laima. A garinmu laimar ce ke yankewa, shi ya sa mutane da yawa ke tara juji shekara guda ba tare da ya zama taki ba.

Kayan aiki

Shebur, fartanya ko galma, manjagara, adda, baro ko kwando, bokitin fenti mai lita 20 (da shi za mu riƙa awo), butar ban ruwa, sanda mai tsawon mita ɗaya da rabi, da abin rufi: tsohuwar tabarma, zana, buhunan da aka farke ko tamfol. Don takin ruwa sai ka tanadi duro mai lita 200 wanda bai taɓa ɗaukar mai ko maganin feshi ba, da buhu ɗaya da igiya. Sa takalmi rufaffe, domin kunama na son ƙarƙashin kara.

Kayan haɗi

Busassu: karan gero, karan dawa, ƙaiƙayi, ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, busasshen ganyen dogon yaro ko mangwaro, ragowar ciyawar da dabbobi suka tattake a turke.

Ɗanyu: tafasa, rai-ɗore, ciyawar da aka nome kafin ta yi iri, kainuwa daga tafki, ɓawon kankana da ragowar kayan miya daga kasuwa.

Kashin dabbobi: na awaki da tumaki shi na fi so, domin bai da ruwa da yawa kuma ba ya wahalar ɗauka. Na shanu ya fi sanyi, yana kuma gyara jikin ƙasa sosai. Na kaji da na tantabara su suka fi kowanne zafi, kaɗan ake sawa. Idan kana da sani a mahauta, abin da ake zubarwa daga tumbin shanu kaya ne mai kyau, ya riga ya fara narkewa. Ƙasar gindin turke wadda ta sha fitsari kada ka bar ta, rabin ƙarfin takin dabba cikin fitsarinta yake.

Sai toka kaɗan, ƙasar gona mai kyau ko ta tsohon juji, da ruwa. Ramin da zan kwatanta zai sha jarka shida zuwa takwas a ranar farko.

Abin da ba ya shiga ko kusa: leda, batir, kwalba, kashin kare da na kyanwa, bahayar mutum, nama da mai, ruwan wanki mai omo, shukar da cuta ta kashe, da saiwar ƙiri-ƙiri da aya-aya waɗanda ko a cikin rami sai su tsira. Ƙuduji da ya yi fure ƙona shi ake yi.

1. Zaɓi lokaci da wuri

Idan noman rani kake hari, albasa ko tumatir ko tattasai da za a dasa a Nuwamba zuwa Disamba, to fara haɗi a Agusta ko farkon Satumba, lokacin da ɗanyar ciyawa ke ko'ina kuma ruwa bai zama abin saye ba. Don gonar damina kuwa, fara a Fabrairu ko Maris, amma ka sani za ka yi ɗawainiyar ruwa.

Nemi inuwa, gindin dogon yaro ko gefen katangar da rana ba ta daɗe a kai, kusa da rijiya amma ba dab da ita ba. Bar aƙalla taku goma sha biyar don kada ruwan takin ya tsiyaya cikinta. Haƙa rami mai tsawon mita biyu, faɗin mita ɗaya, zurfin da zai kai maka cinya. In da hali haƙa biyu gefe da gefe, na biyun zai yi amfani ranar juyi. A ƙasashe masu sanyi a fili ake tsiba taki, amma a nan iskar hunturu za ta busar da tsibi cikin kwana kaɗan, rami ke kare shi. In wurinka fadama ce da ruwa ke kwanciya da damina, kada ka yi rami. Tsiba a kan tudu ka kewaye da zana.

2. Tsince, sassare, jiƙa

Nan ne ake ƙosawa, nan ne kuma ake cin riba. Tsince leda ɗaya bayan ɗaya, musamman in takin daga bola ko kasuwar dabbobi ya fito. Sassare kara da adda ya zama bai wuce tsawon tafin hannu ba, don karan dawa da aka jefa da tsawonsa zai kai baɗi yana nan yadda yake. Sannan ka jiƙa busassun kayan tun daren jiya. Busasshen kashin awaki da ɓuntu ba sa shan ruwa da wuri: ka zuba, ya bi ta gefe ya wuce, ciki na nan a bushe. Tara su, yayyafa ruwa, cakuɗa, rufe da buhu su kwana.

3. Jera su hawa-hawa

A ƙasan ramin shimfiɗa kara mai kauri kamar tsawon tafin hannu, don iska ta samu hanya. Daga nan kowane hawa haka yake: bokiti shida na busassun kaya, bokiti uku na ɗanyen ganye, bokiti biyu na kashin awaki ko uku na shanu, sai ka barbaɗa ƙasar tsohon juji shebur biyu. Yayyafa ruwa a kan kowane hawa kafin ka ɗora na gaba. Idan kashin kaji ne a hannunka, bokiti ɗaya ya isa, kuma ka ƙara busassun kayan.

Toka danƙi biyu ko uku ake barbaɗawa a kan busasshen hawa, ba a kan kashin kai tsaye ba. Toka da ɗanyen kashin kaji in suka haɗu za ka ji wani wari mai hawa ka yana yaji a ido. Naitirojin ɗinka ne ke tashi sama.

Kada ka tattake. Mutane na hawa su danne don rami ya ci kaya da yawa, sai iska ta ƙare a ciki, abin ya yi ɗoyi maimakon ya dahu. Ci gaba da jerawa har ya ɗara bakin ramin da kamu ɗaya, domin zai zauna da kansa. Soka sandar nan a tsakiya har ƙasa, ka bar ta a ciki.

Gwajin laima: damƙi kayan ka matse da ƙarfi. In ruwa ya ɗan fito tsakanin yatsu, ɗigo ɗaya ko biyu, daidai ne. In ya zuba, ya yi yawa, ƙara ƙaiƙayi. In ka buɗe hannu ya wargaje, ƙara ruwa.

4. Rufe, ka riƙa duba zafi

Rufe saman da ƙasa mai kaurin yatsa biyu, ka ɗora tabarma ko zana. In tamfol ne, ɗaga gefensa kaɗan. Bayan kwana uku ko huɗu zaro sandar ka taɓa. Ya kamata ta fito da zafi da gumi, har ka kasa riƙe ƙarshenta na daɗewa. Tsakiyar tsibi mai kyau kan kai maki 55 zuwa 65, kuma wannan zafin ne ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Wanda ya taɓa watsa ɗanyen kashin shanu a fangalin albasa ya ga ƙarangiya da ciyawa iri-iri sun rufe shi ya san amfanin wannan.

Sandar za ta gaya maka abin da ke faruwa. In ta fito da sanyi a bushe, ruwa ya yi kaɗan. In ta fito da sanyi a jiƙe ba wari, kashi ko ɗanyen ganye ne ya gaza. In ta fito da yauƙi da ɗoyi, ruwa ya yi yawa ko an danne, sai a juya a ƙara busassu. In ka ga wani fari-fari kamar toka a jikinta, zafi ya yi yawa kuma ciki ya fara bushewa, ba shi ruwa a ranar. Da hunturu da bazara ina ba rami jarka ɗaya ko biyu kowane mako ko da ban ga alamar komai ba. Gara kuwa in ta cika wurin, shaida ce ta bushewa, laima ke rage ta.

5. Juyi

Bayan mako biyu zuwa uku zafin zai fara sauka. Kwashe komai zuwa rami na biyu, na gefe da na sama su koma tsakiya, kana yayyafa ruwa kana fasa dunƙulen da suka manne. In rami ɗaya gare ka, fito da shi waje ka mayar. Zai sake ɗaukar zafi. Maimaita sau biyu ko uku, mako biyu-biyu ko uku-uku. Za ka ci karo da gwazarma, fararen tsutsotsin nan masu kauri. Tsince su ka watsa wa kaji. Yi aikin da sassafe, ka ɗaura ƙyalle a hanci in akwai ƙura, ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama.

6. Gane cewa ya nuna

Mai juyi da ban ruwa kan samu takinsa cikin wata biyu zuwa uku. Wanda bai juya ba sai ya jira wata biyar ko shida. Nunannen taki baƙi-baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ba zafi, ba ka iya gane wannan kashin akuya ne wancan ganye ne, ƙamshinsa kuma irin na ƙasar da ruwan farko ya taɓa. In kana shakka, cika gwangwani biyu, ɗaya da takin gauraye da ƙasa rabi da rabi, ɗaya da ƙasa zalla, ka shuka ƙwayar wake goma-goma. In na takin suka fito daidai da na ƙasar, kore ba ƙuna a bakin ganye, ya yi. Ragowar karan da bai narke ba tace shi ka mayar cikin sabon rami. In ba yanzu za ka yi amfani da shi ba, zuba a buhu ka ajiye a inuwa. Takin da aka tsiba a gona tun Maris rana na dukansa har Yuni ya rasa ƙarfi mai yawa kafin ruwa ya sauka.

7. Sa shi a ƙasa

A fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita biyu, shekarar farko a rairayi zuba bokiti biyu, shekarun da suka biyo baya ɗaya ya wadatar. A laka bokiti ɗaya da rabin bokitin ɓuntun da ya ruɓe. Gauraya da ƙasar sama zurfin tafin hannu, domin saiwar albasa da latas ba ta nisa, ka ba shi ruwa, ka bar shi mako ɗaya kafin dashe. Tumatir da tattasai da attaruhu da yalo sun fi son a ba kowane gindi nasa: danƙi biyu a ramin dashe, a cakuɗa da ƙasa. Ga wurin renon iri, tace takin ya yi laushi, kashi ɗaya taki kashi biyu ƙasa.

Kada ka binne ɗanyen ɓuntu ko garin katako a fangali ka dasa nan take. Masu ruɓar da shi za su kwashe naitirojin ɗin ƙasar don aikinsu, shukarka ta yi ɗorawa tana tsaye wuri ɗaya. Haka ɗanyen kashin kaji, ƙona saiwa yake yi. In dole sai ɗanyen taki za ka sa, to ya shiga ƙasa wata huɗu kafin girbin duk abin da ake ci ɗanye kamar latas da karas da kabeji.

8. Lulluɓe ƙasa

Wannan mataki a Sakkwato bai kamata a tsallake shi ba. Bayan dashe ya kama, shimfiɗa ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa marar iri ko ganyen dogon yaro kaurin yatsa uku, ka bar ɗan fili a jikin karan shukar don kada ya ruɓe. Tura yatsa ƙarƙashin shimfiɗar da la'asar ka gwada da fangalin da ba a rufe ba, za ka ji bambancin da kanka. Man da injin ban ruwa ke sha ma zai ragu.

9. Takin ruwa, don ƙarin ƙarfi a tsakiyar noma

Zuba bokiti biyu na kashin awaki ko shanu da ya kwana biyu a buhu, ɗaure bakinsa, rataya shi a cikin duro da sanda a gicciye, cika da ruwa, rufe don sauro da ƙuda. Kowace safiya ɗaga buhun ka sauke sau da yawa. Bayan mako biyu zuwa uku ruwan zai yi duhu, warin ya ragu. Sirka kashi ɗaya da ruwa kashi huɗu, har ya yi kalar shayin da bai ji ganye ba. In na kaji ne, kashi ɗaya da goma. Ba shuka ruwa tukuna, sannan ka zuba gwangwanin madara ɗaya ko biyu a gindi da yamma, sau ɗaya cikin kwana goma. A gindi, ba a kan ganye ba, kuma ba a ba latas da sauran ganyen da ba a dafawa.

Wanda bai da dabba zai iya cika rabin duro da yankakken ɗanyen ganyen tafasa da zogale da dogon yaro, ya cika da ruwa, ya riƙa motsawa. Kwana goma zuwa mako biyu ya isa, sirkin ɗaya da biyar.

Masu albasa su kula: da zarar ta fara ƙwai, a daina takin ruwa. Naitirojin a ƙarshe na sa wuyanta ya yi kauri ya ƙi bushewa, kuma irin wannan ce ke fara ruɓewa a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, tun kafin farashi ya tashi.

Wasu ƙarin da ake haɗawa a gida

Gawayin ɓuntu. Inda ake casar shinkafa ɓuntu tsibi-tsibi yake, wani wurin ma kyauta. Hura ƙaramar wuta, kifa tsohon gwangwani babba da aka huhhuda aka sa masa bututu a kai, ka tsiba ɓuntu kewaye da shi. Zai riƙa ci a hankali daga ciki. Da ka ga baƙi ya fito ko'ina, baza shi ka kashe da ruwa kafin ya zama farar toka. Wannan gawayi ba ya ruɓewa da sauri, yana shekaru cikin rairayi yana riƙe ruwa. Amma fanko ne, ba abinci a cikinsa; jiƙa shi cikin takin ruwa mako biyu ko ka zuba shi cikin ramin taki, bokiti ɗaya ga kowane bokiti goma.

Garin ƙashi. Tara ƙasusuwa daga mahauta ko wurin masu tsire, ƙona su har su yi fari su yi gautsi, daka a tsohon turmi. Danƙi ɗaya ga kowane hawa a rami. A hankali yake saki, kada ka sa ran gani a mako guda. Jihar nan tana da dutsen fosfat, mai ɗauke da fosfaras, a yankin Dange da Shuni, shi ma in ka samu garinsa ta cikin rami ya fi amfani, domin ruɓewar ce ke taimaka masa ya narke.

'Ya'yan dogon yaro. Tsince su a gindin bishiya, shanya, daka. Danƙi ɗaya a ramin dashe mako guda kafin a dasa yana ciyar da ƙasa, yana kuma rage tsutsar nan da ke sa saiwar tumatir ta yi ƙulu-ƙulu.

Toka ita kaɗai. Danƙi ɗaya ko biyu ga fangali a shekara, daga itace ko kara kawai, ba wadda aka ƙona leda a ciki ba. In ka ga ƙasarka na yin fari-fari kamar kanwa bayan ban ruwa, bar toka gaba ɗaya, ka rage kashin kaji, ka ƙara ruɓaɓɓen ganye.

Idan wani abu ya gagara

Uwargida da ba ta da fili sai tsakar gida za ta iya yin duk wannan a tsohon duro da aka huda gindinsa da gefensa: sharar turke, ɓawon kayan miya, ƙaiƙayi, da ruwan wankin shinkafa ko na gero marar sabulu. In ya nuna, kashi ɗaya taki kashi biyu ƙasa a buhun siminti da aka wanke aka huda, ya isa ya riƙe tumatir ko attaruhu gindi ɗaya, ko alayyafo da rama.

Mai gonar tudu da takinsa bai kai ya watsa ko'ina ba, kada ya watsa. Ya sa danƙi ɗaya a kowane ramin shuka. In gonar ta zama fako, ruwa na gudu a kai, akwai dabarar da manoman jihar Tawa a Nijar ke kira tassa, a Burkina Faso kuma zai: tun da rani a haƙa ramuka masu faɗin tafin hannu biyu da zurfin tafi ɗaya, taku ɗaya tsakaninsu, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki danƙi biyu a kowanne. Gara za ta shiga ta huda ƙasan, ruwan farko ya taru a ciki, sai a shuka gero ko dawa. A nan gara ma'aikaciya ce.

In akwai makiyaya kusa, tsohuwar yarjejeniyar nan ta shanu su kwana a gona bayan girbi tana nan da amfaninta, sai dai a riƙa matsar da wurin kwanan duk bayan 'yan kwanaki don kada taki ya taru wuri ɗaya. A bi gero da wake ko gyaɗa, a bar saiwarsu a ƙasa lokacin cira in zai yiwu. Gawon da ya tsiro a gona kuma a kewaye shi da ƙaya kada awaki su cinye: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, geron gindinsa kuma kullum ya fi na sauran gonar tsawo da kauri.